Saura Kashi Tara

A bencin asibitin ido, inda nake jiran a ɗiga mini magani, akwai wani dattijo sa'ana. Kwat ɗinsa ta koɗe amma ta sha guga, ga biro biyu a aljihu, irin shigar malaman makaranta na zamaninmu. Ya kai waya dab da idonsa na hagu, har tana taɓa hancinsa. Na daman ya riga ya yi fari fat.

Kiɗan da ke fitowa daga wayar ne ya sa na juya, don na san shi. Wasan nan ne na jirgin da ke yawo tsakanin taurari, wanda muke leƙe ta tagar gidan Fasto a zamanin talabijin marar kala. Ashe an dawo da shi da sababbin 'yan wasa, kashi ɗaya duk Asabar.

Ana kiran lamba, ba ya ji. Leɓɓansa suna motsi tare da na matuƙin jirgin. Ina zaton shi kaɗai ya taso daga unguwar Nasarawo, kuma a gida babu mai sauraron labarin wasan.

Nas ta dafa kafaɗarsa. "Baba Isaiah, ku da kallon nan! Likita bai hana ku ba?"

"Saura kashi tara 'yan jirgin su iso gida, 'yata. Idon nan zai kai mako tara?"

Ta buɗe katinsa, ta daɗe tana dubawa. "Ku taso, Baba, an zo kanku."

Ya tsayar da wasan, ya miƙe yana laluben bango.