Ayar da Na Haddace a Gindin Tukunyar Burukutu

Wata Asabar cikin Nuwamban 1992 ina tsugune a gindin murhu a gidanmu na Nukkai, hayaƙi na cin idona, ina tura itace ina maimaita ayar hadda. Washegari ranar yara ce a majami'armu, kuma Malama Saratu ta makarantar Lahadi ta zaɓe ni in tsaya gaban jama'a. Ayar nan ce da ke tambaya wace riba mutum ya ci in ya mallaki duniya ya rasa ransa. Kullum in na zo kan kalmar riba sai ta ɓace mini, ban san dalili ba.

Mama na tsaye kaina da muciya, tana juya manyan tukwanenta. Burukutu take dafawa, da shi ta riƙe mu huɗu tun rasuwar Babanmu. Matan unguwa sun raba ranakun sayarwa a tsakaninsu, Lahadi ta faɗo wa Mama. Da Jalingo ta zama babban birnin jiha, ma'aikata suka cika gari, sai ranar ta zama abin da kowa ke mata hassada. Tun safe gidanmu ke cika, mu yara muna wanke ƙoƙuna, muna jan ruwa a rijiya, muna kai wa aladu dusa. Mama takan shafe mu da mai ta kora mu sujada, ita kuwa ta yi shekaru ba ta leƙa ba. In matan zumuntar majami'a suka yi mata magana sai ta ce Allah ya san marayu ba sa cin waƙa.

Ba ta iya karatu ba, amma mako guda ina rera mata ayar a kunne har ta fi ni riƙe ta. Ran nan da na sake tuntuɓe, ta dakata da juyi ta ce, "Wannan aya naki, wanda ya faɗa shi ya san kasuwa." Na tambaye ta ko za ta zo ta ji ni. Ta nuna mini tukwanen da baki, ta ci gaba da aikinta. Na ji haushi, na huce a kan itace.

Da safe na tsaya a gaban majami'a cikin rigata mai guntun hannu. Na fara lafiya lau, sai na iso wurin nan nawa, kaina ya zama fanko. Yara suka soma ƙyalƙyala, Malama na ta motsa leɓe ban gane ba. Can daga bakin ƙofa wata murya ta ce, "Riba, Rahila." Mama ce, da zanenta na aiki, toka har a goshi. Na ƙarasa ayar ina kuka.

Da muka koma gida muka tarar ta sa wa ƙofa kwado. Burukutun makon nan aladu ta juye wa, suka wuni suna tangaɗi suna karo da danga. Ta bar ranarta, ta koma kunun zaki da ƙosai a bakin titi. Ba zan ce mun ji daɗi ba. Nama ya ƙaurace wa miyarmu, yayana ya yi shekara a gona kafin ya koma makaranta, maƙwabta suka ce ta zubar da arzikinta da hannunta. Amsarta ɗaya ce: "Na auna biyun, na can ya fi nauyi."

Yau Nukkai ta cika da benaye, inda muke wasan gaɗa an yi shaguna, ni ma ina cikin masu tseren neman na kai. Mama ta tafi gida wurin Ubangiji, tukwanenta na nan a tsakar gida suna tarar ruwan sama. Ina gode wa Allah da ya sa na manta kalmar nan. Ni aka ba hadda, amma Mama ce ta ci ribarta.