Hauwa'u Mai Nono da Kunyar 'Yar Fari

Duk wanda ya sha fura a bakin tashar Bungudu a farkon shekarun saba'in ya san Hauwa'u mai nono. Doguwa ce siririya, ba ta da yawan magana, kuma ba ta sirka nononta da ruwa ko da kuka, abin da ya sa ƙwaryarta kan riga ta kowa ƙarewa. Rugarsu tana can bayan gonakin gari, tafiya mai ɗan nisa a ƙafa. Mijinta Bello yana tare da shanu, ita kuwa tana tare da ƙwarya. Ran da ba kasuwa takan hau lori ta tafi Gusau, ta kai kindirmo da man shanu gidajen ma'aikata.

Amma ba don nono aka fi yabonta a ruga ba, don kara ne. In ana faɗa wa wata amarya ta koyi kunya, da Hauwa'u ake yi mata misali. 'Yarta ta fari, Shafa'atu, tun ran da aka yaye ta aka miƙa wa Inno, uwar Bello, kamar yadda aka saba. Daga ranar Hauwa'u ba ta sake ɗaukarta ba, ba ta kama sunanta, ba ta kallonta ido cikin ido a gaban mutane. In wani ya tambaya a kasuwa ko 'yarta ce, sai ta kau da kai ta ce, "Ta mutanen gidanmu ta." Yarinyar ma ta tashi tana ce mata Adda, kamar wata yayarta. Baƙo zai ce ƙiyayya ce. Ina! Man shanu mafi kyau bukkar Inno yake zuwa, kuma kowa ya san don wa ake kai shi, ba dai mai faɗa.

Aka aurar da Shafa'atu ga wani Buba a wata ruga wajen Tsafe. Ciki ya zo ya zube, wani ya zo ya bi shi. Ɓarin ƙarshe ya bar ta da jini mai ɗaukewa yana dawowa, ta rame har awarwaronta yana zamewa. Buba ya kawo ta gida a yi mata magani, a daminar shekarar da motoci suka koma bin hannun dama. Lokacin Inno ta riga mu gidan gaskiya. Wato wadda za ta zauna kusa da yarinyar ta ce mata ina ke ciwo, babu ita. Aka sha jiƙo, aka sha rubutu, aka yi turare, jini ya ce bai san zance ba.

Cikin masu sayen kindirmonta a Gusau akwai Wasila, nas ce a asibiti, mace mai faɗin gaskiya ko da ta yi ɗaci. Hauwa'u ta kawo mata zancen a kaikaice, wai akwai wata yarinya a rugarsu. Wasila ta ce a kawo yarinyar, akwai likitar mata da za ta duba mahaifar ta ga abin da ya rage a ciki. Hauwa'u ce ta shawo kan Bello, Bello ya aika wa Buba, Buba ya ce tun da mace ce za ta duba, ya yarda. Saboda haka duk abin da ya biyo baya, Hauwa'u ba ta da wanda za ta ɗora wa. Ita ta nema, ita ta kai.

Aka shiga da Shafa'atu wani ɗaki, aka sa mata ƙarfe aka duba, aka wanke mahaifar. Hauwa'u tana zaune a baranda da ƙorenta, tana kasa kunne ko za ta ji kuka. Ba ta ji ba, kuma ta san ba za ta ji ba, domin wadda Inno ta rena ko wuƙa aka sa mata ba za ta yi ƙara ba. Washegari da za a sallame su, Wasila ta ja Hauwa'u gefe.

"Inna, ki saurara da kyau. Mara za ta yi ta murɗa mata, jini kaɗan zai zo, wanga ba komi ba na. Amma ta kwanta ta huta. Kak ta ɗau kaya, kak ta yi daka, kak ta yi doguwat tahiya. In kin ga masassara, ko jini ya yi yawa, ko ya canza wari, ki maido ta maza. Ki riƙa tambayatta kullum, kin ji?"

"Na jiya," in ji Hauwa'u. Ta ji ɗin, sai dai ba ta gaya wa Wasila cewa abu na ƙarshen nan ya fi mata ɗaukar dutse wuya ba.

Da lori ya sauke su a Bungudu, sai ga matan rugarsu sun tashi daga talla za su koma gida. Aka gaisa, aka yi wa Shafa'atu sannu, ta ce lafiya lau. Hauwa'u ta naɗa gammo za ta ɗora ƙore, waɗanda ta cika da gero da gishiri da kanwa a Gusau. Shafa'atu ta matso ta karɓi gammon ta ɗora a kanta, ta durƙusa a ɗora mata. To, ina aka taɓa ganin uwa da kaya a ka, 'ya tana biye hannu na dukan cinya? Kalma ɗaya ce ta rage wa Hauwa'u, ta ce bari. Kalmar ta zo har bakinta. Ta dubi matan nan, ta san kafin magariba labari ya zaga ruga cewa Hauwa'u, Hauwa'un da ake misali da ita, ta tsaya a tasha tana lallashin 'yar fari. Sai ta ɗaga kayan da hannunta biyu ta ɗora wa yarinyar.

Duk tsawon hanyar Hauwa'u tana bayan yarinyar. Ta ga yadda take taka ƙasa a hankali, ta ga gumi yana bin wuyanta alhali akwai hadari da iska mai sanyi, ta ga ta tsaya sau da yawa wai tana gyara zane. Matan suna ta hirar tsadar dusa. Hauwa'u tana amsa musu, zuciyarta kuwa kamar ana yanka ta.

Kwanakin da suka biyo baya ta zama mai gadi marar baki. Takan leƙa akushi ta ga ko an ci tuwo. Takan zaga bayan bukka ta dubi tsummokaran da aka wanke aka shanya a ɓoye, tana auna yawansu da ido. In ta ji ƙarar taɓarya sai ta fito ta tarar Shafa'atu ce ke daka, don ba ta iya zama tana kallon Adda na aiki. Hauwa'u ta koma hannunka-mai-sanda. Sai ta tsaya kusa da turmin tana magana da kaji: "Su mutanen asibiti dai cewa sunka yi, wanda anka duba shi kwanta." Shafa'atu ta ce, "Na ji sauƙi, Adda," ta ci gaba da dakanta. Ko kuma Hauwa'u ta ce da iska, "Ko akwai mai jin sanyi a gidan ga?" Shafa'atu ta yi kamar ba da ita ake ba. Kowace tana kare mutuncin ɗaya, ciwo kuwa yana samun wurin zama.

Ta je wa Bello da zancen. Shi da yake uban 'yar fari, kunyarsa ta ninka tata. Ya dubi sandarsa ya ce wannan sha'anin mata ne, Allah ya sawwaƙe, ya bi shanunsa.

Tsoro ya hana ta sukuni. Ba ta san irin ciwon da aka ce ba komai ba ne, ba ta san wanda aka ce a dawo ba, tun da duka a cikin jikin wata suke, kuma mai jikin ba ta faɗa. In ta ga yarinyar ta dafe mara sai ta ce kayan nan ne. In ta ga ta yi murmushi sai ta ce wataƙila Allah ya rufa asiri. Har nononta ya fara tsami a ƙwarya saboda mantuwa, masu saye suna tambaya ko lafiya.

Da abin ya ishe ta sai ta ɗau kindirmo ta nufi Gusau da sassafe, ta sami Wasila tana shirin fita aiki.

"Ya mai jiki?" in ji Wasila.

"Da sauƙi."

"Jinin ya ɗauke?"

Hauwa'u ta ce tana ganin bai ɗauke ba.

"Kina gani? Jikinta da zahi? Ina ka yi mata ciwo, mara ko baya? Mi tac ce miki?"

Hauwa'u ta sunkuyar da kai. Daga nan gaskiya ta fito guntu-guntu: ba ta tambaya ba, ba ta taɓa jikin ba, kuma yarinyar ta ɗauki kaya tun daga tasha har ruga. Wasila ta ajiye jakarta.

"Wai ɗiyaw wa ce?"

"Tawa ta. Ta hwari."

Wannan ne karo na farko da ta faɗi haka da bakinta tun da ta haife ta. Wasila ita ma 'yar ƙasar ce, ta san abin. Amma ba ta sassauta ba. "Inna, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kunyag ga taku in ta kashe ta, wa za ki ji ma kunya kuma? Koma yanzu ki taɓa goshinta. In da zahi, ko a bayanki ne ki kawo ta."

Ta bar kindirmon a nan ba ta ko waiwaye shi ba. Sai da rana ta take ta iso ruga. Turmi yana tsakar gida da gero a ciki an fara surfe an bari, kaji sun samu gaba. Ta tsaya a bakin bukkar, sannan ta sunkuya ta shiga. Shafa'atu tana kwance a kan tabarma ta dunƙule, haƙoranta suna haɗuwa, ga wani wari da bai kamata ba. Hauwa'u ta durƙusa ta ɗora tafin hannunta a goshin. Zafi kamar tukunyar da aka sauke yanzu.

Yarinyar ba ta buɗe ido ba. Ta kama hannun ta riƙe gam, ta ce, "Inno, kin zo? Inno, marata. Tun ran da munka dawo."

Ko a cikin zafin masassara bai zo mata a rai cewa hannun uwarta ne ba, ya fi mata sauƙi ta yarda matacciya ce ta dawo. Hauwa'u ta ji wannan har cikin ƙashinta, kuma ta san ita ta saya da kanta.

Ba ta tsaya neman jaki ba, ba ta aika a kira Bello ba. Ta ɗaga ta, ta goya ta, ta ɗaure da zane kamar jaririya, ƙafafun yarinyar suna jan ƙasa. Ta ratsa tsakiyar ruga da ita da rana tsaka. Mata suka fito suna kallo, wata ta kama baki, wata tsohuwa ta ce, "Hauwa'u, ke kuwa?" Ta wuce abinta. Sai da ta yi nisa wasu biyu suka biyo ta da gudu suka kama mata, suna karɓa-karɓa har bakin titi.

A asibiti aka ce ƙwayar cuta ce ta shiga mahaifar. Aka yi ta allurai, aka ɗaura ruwa. Hauwa'u ta tare Wasila a baranda ta tambaye ta ko kayan nan ne suka jawo. Wasila ta ce ba lalle ba ne, irin wannan yakan faru ko mutum yana kwance, abin da ya ɓata lamarin shi ne jinkirin. Ta faɗa ne don ta sanyaya mata rai, ba ta san ta ƙara mata ba, domin kayan na yini ɗaya ne, jinkirin kuwa kullum sai da ta sake zaɓarsa. Game da haihuwa nan gaba, likita ta ce ba za ta yi alkawari ba, sai abin da Allah ya yi.

Masassarar ta sauka a hankali. Wata safiya Shafa'atu ta farka sosai, ta ga Adda zaune a ƙasa kusa da gadon tana dama mata fura. Matar gado na kusa, mai bakin da ba ya rufuwa, ta riga ta ba ta labarin yadda aka kawo ta da wadda ta goyo ta. Hauwa'u ta tattara duk ƙarfin da take da shi, ta kalli bango, ta ce, "Ina ka yi miki ciwo yanzu?"

Shafa'atu ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Can ƙasa-ƙasa ta ce, "Adda, ki yahe mini. Na yi ta ɓoyewa don kak ki shiga uku da bakin mutane, ga shi na sa kin goye ni gaban kowa. Na zubar miki da mutunci."

Ludayin ya tsaya a hannun Hauwa'u. Ta zo da niyyar ita ce za ta roƙi gafara, ta kwana tana shirya kalmomin, sai ga yarinyar ta riga ta. Sai kawai ta miƙa mata furar, Shafa'atu ta karɓa da hannu biyu, ta juya wa uwarta baya don kunya, sannan ta sha.