Takawa ta Bayan Ƙaya

A Madawa, in ka bar kasuwa ka yi gabas ka ƙetare ƙoramar yashi, akwai unguwar da tsofaffi ke kira Bayan Ƙaya. Yau babu ƙaya a wurin, sai gidajen laka da masallaci da rumfunan masu albasa. Mace ce ta fara zama can, kuma ba da son ranta ba.

Sunanta Takawa, mutuniyar Allakaye. Aure ya kawo ta Madawa, gidan wani magini mai suna Isiyaku. Shi yana kwaɓa ƙasa a gine-ginen bariki, ita tana dama fura tana kai wa masu aiki. Ɗiyarsu ɗaya, Amina, shekararta biyar.

Ana saura kaɗan a fara babban yaƙin Nasara, sanƙarau ya shigo gari da bazara. Mutum ya tashi lafiya, da hantsi ya ce kansa, kafin la'asar wuyansa ya sanƙare, washegari a kai shi kushewa. Mutane suka daina ambaton sunan ciwon, sai dai su ce baƙon nan. Kumandan, Baturen da ke mulkin garin, ya sa aka kafa bukkokin kara a ƙetaren ƙorama, aka kewaye su da ƙaya, aka ajiye gardi da bindiga a ƙofa. Duk wanda ya kamu a kai shi can, tare da wanda ya taɓa shi.

Ranar da Isiyaku ya dawo da rana tsaka yana riƙe da ƙeya, Takawa ba ta ko taɓa shi ba sai da ta miƙa Amina ta kan danga gidan wansa Tanko. Kwana guda ta ɓoye mijin a ɗaki. Nishinsa ya tona su. Aka ɗauke shi a kan asabari, ita tana biye da tukunya a ka, mutanen unguwa na shigewa gidajensu suna jan ƙyaure.

Isiyaku bai wuce kwana uku ba. Babu wanda zai shigo daga gari, don haka ita ta zuba ruwa, wani tsohon makiyayi mai suna Gajere, wanda ya kawo jikansa ya rasa, shi ya yi wankan, shi ya yi sallar. Ta ɗauka za a sake ta. Gardi ya ce sai lokotoro, wato likita, ya zo daga Tawa ya duba su, kuma ba wanda ya san ranar.

Abinci a kan wani falalen dutse ake ajiye musu, mai kawowa ya juya da gudu. Ruwa ba ya isa, sai ita da Gajere suka riƙa tonon yashi da sakaina har ya tsattsafo. Kullum ana kawo sababbi. Takawa ta zama mai jiƙa musu leɓe, don ita ce mai ƙafa. Kowace safiya, kafin ta yi wa kowa magana, sai ta sunkuyar da kai a hankali ta ga ko haɓarta za ta taɓa ƙirji. Wata rana kanta ya sara. Ta zauna bayan bukka yini guda, ba ta gaya wa kowa ba, tana jiran wuyan ya kama. Ashe rana ce ta buge ta.

Ta roƙi mai kawo abinci ya gaya wa Tanko ya zo mata da yarinyar, ko daga nesa ta gan ta. Tanko ya ƙi har sau biyu, sannan ya yarda. Ya tsaya da ita a wancan bakin ƙorama, yana riƙe da hannunta. Takawa ta hau kan tudu ta ɗaga zane.

Amina na hango uwarta ta fizge hannu ta faɗa cikin yashi da gudu. Tanko ya bi ta taku kaɗan, ya tsaya cik. Gardi ya miƙe ya ce da Takawa, ba da faɗa ba: "In ta taɓa ƙayag ga, ta zama taku. Ba ni da yadda zan yi."

A bukkar da ke bayanta akwai yara biyu kwance da aka kawo jiya. Takawa ta yi tsawa ta ce yarinyar ta koma. Amina ta ƙara gudu tana dariya. Akwai wani gurbi a shingen inda awaki suka ɓula, nan ta nufa. Takawa ta duƙa ta ɗebi tsakuwa ta jefa gabanta. Ba ta tsaya ba. Sai ta ɗauki dutse sosai ta auna. Ya same ta a goshi. Yarinyar ta zauna daɓas, ta dubi uwarta, ba ta ma yi kuka nan da nan ba. Tanko ya zo ya sure ta ya juya.

Gajere ya iske Takawa durƙushe a inda take. Ya ce: "Tashi, ɗiyata. Wanda anka kawo ɗazu shina neman ruwa."

Da ruwan farko ya sauka ciwon ya ɗauke. Lokotoro ya zo, ya sa kowa ya sunkuyar da kai, aka buɗe ƙofa. Su goma sha ɗaya suka fito da ƙafarsu. Takawa ta shiga gari ta tarar an ƙone ɗakinta da umarnin bariki. Matan da suke daka tare suka amsa gaisuwarta daga cikin gida. Furarta kuwa ba mai saye. A gidan Tanko, Amina ta ɓuya bayan matarsa, da aka jawo ta ta fasa ihu. Takawa ta ce a bar ta.

Ta koma ƙetare, don can ne kaɗai ba a kauce mata. Gajere ma ya dawo da awakinsa, sai wasu mata biyu da suka rasa mazajensu. Suka shuka gero a cikin shingen, ya yi kyau ƙwarai. Ramin da suka tona aka zurfafa shi ya zama rijiya. Bayan yaƙi, 'yan cirani daga Tamaske da Buza da ba su sami masauki a gari ba suka riƙa kafa bukka kusa da ita, su ba su san abin da ya faru a wurin ba, ita kuma ba ta faɗa.

Amina ta girma a gidan Tanko, can aka yi mata aure. Takan zo gaisuwa ranar salla, ta zauna bakin tabarma, ta kira Takawa inna, ta tashi kafin azahar. Takawa ba ta sake aure ba. Ta mutu da kaka, shekarar da aka yi wa masallacin unguwar rufi, kuma baƙin da ta ba fili ne suka ɗauki makararta.