Gishirin Barira

Shekara ashirin cur, babu macen da ta zuba gishiri a babbar tukunya a Tudun Kaya sai Barira, matar Malam Barau. Suna ne, biki ne, zaman makoki ne, ita ake aika wa. Takan leƙa tukunya, ta shaƙi tururin, ta damƙo da tafin hannu ta watsa, ba ta ko ɗanɗanawa. Wallahi ko ruwan Challawa aka ba ta, damƙa uku za ta yi, kifaye su fito suna santi.

Zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke ta, ko hamsin ba ta cika ba. Allah ya jiƙanta.

Ranar sadakar uku danginta suka taso daga Falgore, mota biyu, amma takalman ƙofar gida kaɗai sun isa a buɗe kasuwa. Mata suka kaɗa miyar kuka, aka kwashe tuwo, saura a zuba wa baƙi. Goggo Laure, yayar marigayiya, ta lasa ludayi, ta yamutsa fuska.

"Miyar nan lami ce! Wa ya sa gishiri?"

Duk suka juya suna kallon ƙofar ɗakin Barira. Ashe ita suke jira. Nan kuka ya dawo sabo, kuma babu mai ƙarfin halin taɓa kwanon gishirin.

A ɗakin nan Sadiƙa take, babbar 'yar marigayiya, kwana uku ko ƙofa ba ta leƙo ba. Sadiƙar nan fa, ko ruwan zafi ta ɗora sai ya ƙone. Amma a ce mutanen Falgore sun ci lami a gidan Barira? Ta yafa mayafin uwarta ta fito.

"Ke 'yar nan, koma ciki," in ji Goggo. "Makoki ɗaya ya ishe mu."

"Goggo, ba ni kwanon."

Ta leƙa tukunya, ta shaƙi tururin. Ta damƙo, ta watsa, ta ƙara rabi. Aka juya. Goggo ta lasa, ta sake lasa, sai hawaye.

"Ja'ira! Ashe kina kallo?"

"Ni ke riƙe mata kwanon, Goggo."

Mutanen Falgore suka suɗe kwanuka har aka fasa wanke-wanke. Malam Barau, da ya kwana uku a kan kunu, ya aiko daga zaure a ƙaro masa miya.