Na Je Damagaram Neman Ma'anar Zagina

Wani yaron buro, wato ma'aikacin ofis, ya zage ni gaban matan ƙungiyarmu, kuma ban yafe ba. Laifina, na ƙi sa hannu a takardar proje, aikin tallafin da suka kawo mana, sai na karanta ta duka. Ina bin layi da yatsa, don sai da na aurar da 'ya'ya uku na shiga lakwal ɗin manya na koyi karatu. Ya dubi abokinsa ya ce, "Neyandartal." Suka tuntsire. Na rubuta kalmar a kayena, littafin rubutuna, don ban san ma'anarta ba. Har na fara tunanin sakin aikina na sakatariyar ƙungiya.

Mun tashi daga Gure zuwa Damagaram da asuba, ni da ƙanwata, cikin wata mota da ƙofarta ke ɗaure da igiya. Kuɗin mota jika uku-uku, wato dubu uku kowa, ga akuya a ƙafata ba ta biya ko dala ba. A Gidigir muka sha fura mai tsami, a Gidimuni muka sayi rake da dabino. Ramukan hanya suka sa raken nan ya kusa cire mini haƙori.

Bayan azahar muka sami tsohon mushen lakwal, malamin da ya koya mini karatu, yanzu ya yi ritaya a unguwar Birni. Ya ga kalmar, ya jinjina kai.

"Hajiya, wa ya ce miki haka?"

"Mushe, fassara nake so, ba jaje ba."

Ya ɗauko littafi mai hotuna. Wasu irin mutane ne na dā can, masu kaurin goshi, sun ƙare tuntuni. Nasara, wato Turawa, ke kiran dakiki da sunansu. Amma ya ce suna hura wuta, suna sassaƙa dutse ya zama wuƙa. An tono ƙashin wani mai hannu ɗaya da ya daɗe a duniya, alamar 'yan uwansa ne ke ciyar da shi. Na tambaya ko kafin Annabi Adamu ne, ya ce wannan sai malamai.

A hanyar komawa mai hannu ɗayan nan nake ta tunani. Mutanen da ba su yar da nakasasshensu ba, a haɗa ni da su, ban ji kunya ba. Wanda ya yi zagin ne bai san abin da ya faɗa ba.

Washegari tun kafin a share buron ina bakin ƙofa. Na ja kujera gaban yaron na ce, "Ɗana, miƙo takardar. Daga layin farko zan soma, kuma da ƙarfi."