Fuskar Mai Lamba Ɗaya

Ina shekarar ƙarshe ta digiri na biyu a jami'a lokacin da na ɗora wa kaina wannan aiki, babu wanda ya aike ni. Ni mutum ne da zama wuri ɗaya ke sa wa ciwon kai, bakina kuma ba ya hutawa. Da hutun makarantu na tsakiyar shekara ya zo, lokacin da sanyin Madina ke barin mutum ya yi gudu a waje bai narke ba, sai na ga yaranmu suna ta zaman kashe wando a bakin lungu, kowa da waya a hannu. Na ce bari in haɗa musu gasar ƙwallo.

Ƙungiya shida muka samu, 'yan shekara sha biyu zuwa sha biyar. Akwai 'ya'yan mutanen Sudan da na Chadi, da kaɗan daga Nijar da Najeriya, yawancinsu kuma a nan aka haife su. Ka yi musu Hausa su ji ka sarai, su amsa maka da Larabci kamar kai ne baƙon. Filinmu wani ɗan ƙarami ne a unguwar Aƙiƙ, mai shingen waya da ciyawar roba. Muna shiga bayan la'asar, mu fita kafin kiran magariba.

Kafin a buga ko ƙwallo ɗaya, iyayen yara suka kira ni falon wani dattijo mutumin Sudan, wanda kowa ke jin maganarsa. Na gaya musu zan buɗe zaure a WhatsApp in riƙa ba da labarin kowane wasa, don iyayen da ke wurin aiki da iyaye mata da ke gida su san abin da ake ciki. Suka ce madalla, amma da sharaɗi ɗaya: kada in sa fuskar yaro, kada in ambaci sunansa. Launin riga da lamba sun isa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wasu gidajen iƙamarsu, wato takardar izinin zama, ta ƙare ko ta maƙale, kuma mai irin wannan hali ba ya son a san da zamansa fiye da kima.

Ni da rawar kaina na ce, “Baba, wace irin gasa ce babu hoton zakara?”

Dattijon ya dube ni ya yi murmushi. “Ustaz, kai ranar da ka gama karatu jirgi za ka hau. Mu nan muke.”

Na ce na yarda, na ɗauki alkawari a gaban mutane. Amma a raina gani nake tsoro ya yi musu yawa.

Da farko rubutu nake yi, sai na gane rabin zauren ba sa karanta boko, saura kuma ba kowa ke jin Larabcina na littafi ba. Sai na koma saƙon murya, kuma a nan na samu filin baje kolina. In tsaya a bakin shinge in ce mai lamba tara na masu jar riga ya yanke mutum biyu ya bar su suna neman hanyar gida. Hotuna kuwa na ƙafafu ne da bayan riguna, da kwalin dabinon da muke rubuta sakamako a jikinsa. Abin ya karɓu fiye da yadda na zata. Aka riƙa sako 'yan'uwa daga Sudan da Chadi da Kano, wata tsohuwa har guɗa take aikowa duk ranar da masu farar riga suka ci. Kullum ina duba yawan waɗanda suka saurara, kaina yana ƙara girma.

Mai tsaron gidan masu koren riga, mai lamba ɗaya, wani siririn yaro ne dogo, marar magana. Mahaifinsa mutumin Chadi ne, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki a wani ɗan shago a unguwar Al-Khalidiyya. Tun da kafilinsa ya rasu, wato Balaraben da zamansa ke ƙarƙashin sunansa, takardun gidan gaba ɗaya suka tsaya. Yaron kuwa bai taɓa ganin Chadi ba, Madina kaɗai ya sani. Uban bai taɓa zuwa fili ba ko sau ɗaya, bai kuma taɓa cewa uffan a zaure ba. Sai dai wayar tana nuna mini waɗanda suka buɗe saƙo, kuma kusan kullum shi ne na farko.

A wasan kusa da na ƙarshe, ranar Talata, kore da ja suka tashi kunnen doki, aka je bugun fenareti. Da aka zo bugun ƙarshe na tsaya a bayan raga ina ɗaukar bidiyo, bayan yaron kawai ake gani, kamar yadda na saba. Aka buga, ya yi sama ya tafi hagu ya cafke ƙwallon. Maimakon ya ruga wurin abokansa sai ya juyo ya nufo ni a guje yana dariya, fuskarsa ta cika wayar, sauran yara na bayansa suna kiran sunansa da na ubansa. Ban taɓa ganin haƙoransa ba sai ranar. Don murna na tura bidiyon zaure, na kuma ɗora shi a sitatus, na jefa wayar aljihu muka tafi sallar magariba.

Da na fito masallaci na tarar da kira bakwai daga abokin ɗakina. Ya ce, “Kai, ka kalli abin da ka tura kuwa?” Na kalla, ga fuska ga suna. Na goge nan take, amma an riga an tura shi wasu zaurukan, na direbobi, na mata, na 'yan gari kaza. Kowa da kyakkyawar niyya ya tura, don abin ya burge shi.

Washegari masu koren riga suka zo atisaye babu gola. Kyaftin ɗinsu ya ce mini da Larabci baban golan ya hana shi fita, ya ce ya gama ƙwallo. Wasan ƙarshe ranar Juma'a ne. Yara goma suka zuba mini ido.

Zan faɗi gaskiya, fushi na fara yi. Na koma ɗaki ina ta bambami: wa zai bar aikinsa ya zauna yana binciken bidiyon yara na daƙiƙa ashirin? Abokin ɗakina ya bar ni na gama, sannan ya ce, “Wataƙila babu abin da zai faru. Amma ba kai ne za ka kwana da fargabar ba. Amana aka ba ka, ka yi wasa da ita don a ce ka iya.”

Na ɗauki wayar na yi saƙon murya mafi wuya da na taɓa yi. Sau huɗu ina farawa ina sokewa, don duk lokacin sai in ji na fara kare kaina. A na biyar na ce na karya alkawarin da na yi a gaban dattawa, laifina ne ni kaɗai, kuma yaro zai rasa wasan da ya kai ƙungiyarsa da hannunsa saboda ni. Na roƙi duk wanda bidiyon ya shiga wayarsa ya goge, wanda ya tura wa wani ya bi sawu.

Na zaci zagi zan sha, kuma da an zage ni ban da ta cewa. Sai ga amsoshi suna shigowa ɗaya bayan ɗaya. “Na goge.” “Na goge, Ustaz.” Matasa suna rubuta tasu da Larabci. Wani direba ya ce ya bi duk zaurukan da ya tura, har ya tsayar da abokin aikinsa a gidan mai ya sa shi ya goge a gabansa. Tsohuwar nan mai guɗa ta ce ita ba ta san inda ake dannawa ba, amma ta aika a kira mata maƙwabciya. Wata mata daga Sudan ta ce ta kira ƙanwarta ta sa ta rantse cewa ta goge. Mutanen nan da yawansu ba su san yaron ba, ba su san ubansa ba, sun dai san irin tsoron. Har yau in na tuna yinin nan sai in ji ƙwalla, kuma ban san da bakin da zan gode musu ba. Dattijon ya kira ni, bai ce ai na faɗa maka ba. Cewa ya yi, “Ka je ka sami uban yaron da ƙafarka.”

Kafin in tafi na goge na cikin wayata, na asalin. Shi ne abu mafi kyau da na taɓa ɗauka, kuma na ji zafin rabuwa da shi.

Ranar Alhamis bayan azahar na je Al-Khalidiyya. Na same shi tsugune a ƙofar shago, ya kwance wata tsohuwar na'ura yana wanke cikinta da tiyo. Na yi sallama, ya amsa, ya tura mini wata kujerar roba da ƙafa, ya ci gaba da aikinsa. Ban zauna ba, na durƙusa a gefensa, ruwan dattin yana jiƙa mini jallabiya.

“Baba, na zo neman gafara. Ba ni da hujja.”

“Na ji saƙonka,” in ji shi. “Na ji na mutane ma.”

“Ba zan ce maka babu sauran kwafin bidiyon ko ɗaya a duniya ba, don ban sani ba. Amma duk wanda muka iya kaiwa gare shi ya goge.”

Ya kashe ruwan. Ya daɗe yana goge hannu da tsumma, yatsa bayan yatsa.

“Shekara uku ina tafiya a gefen bango, Ustaz. Ko a masallaci ba na son sahun gaba. Yaron nan na bar shi ya fita ne don an ce mini lamba ce kawai.”

Na riga na haƙura da wasan Juma'a, so nake kawai in tashi daga wurin ba tare da ya riƙe ni a zuci ba.

Can sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Naka fa? Yana nan?”

“Na goge shi, Baba. Wallahi babu shi.”

Ya gyaɗa kai a hankali. Na ɗauka gamsuwa ce, sai na ga fuskarsa ta canza.

“Ban kalla ba,” ya ce. “Da uwarsa ta kira ni ta ce fuskarsa na yawo, tsoro bai bar ni na buɗe ba. Kowa a garin nan ya ga ɗana ya kama ƙwallo, ban da ni.”

Ya jawo wani bokiti ya kifa ya zauna a kai, ya fuskance ni.

“Kai da ka iya baki, ba ni labarin.”

Na ba shi. Ni da nake cika zaure da surutu, ranar da kyar muryata ta fito. Na gaya masa yadda yaron ya tsaya a tsakiyar raga bai motsa ba har mai bugun ya rasa inda zai nufa, yadda ya tashi ya tafi hagu, yadda ya rungume ƙwallon a ƙirji ya faɗi da ita bai saki ba. Na ce masa ya yi dariya.

“Dariya?”

“Har da haƙora, Baba.”

Ya sunkuyar da kai. Sannan ya miƙe, ya ɗauki tiyon kamar zai koma aiki, amma bai kunna ruwan ba.

“Gobe ƙarfe nawa ne?”

“Bayan la'asar.”

“To, ka bar wayarka a aljihu. Zan rufe shago in kawo shi da kaina, in gani da idona.”