Ranar da Sakinatu Ta Sauki Sarkin Indiya a East Ham

Sakinatu 'yar Gusau ce, amma in ka ga yadda take taka titin Rye Lane da jakunkunan leda biyu, sai ka rantse ita ta gina Peckham. Shekara ashirin da shida ke nan da ta biyo miji Landan, shi yana karatun injiniya. Ya gama, ya karɓi kwalinsa, ya ce bari ya je gida ya shirya musu wuri ita da yara biyu. Har yau bawan Allah yana can yana shiri.

Ta yi shara a ofisoshin Aldwych shekara tara. Da gwiwa ta fara ƙara, sai ta yi kwas ta zama carer, wato mai kula da tsofaffi a gidajensu: wanka, magani, abinci, da sauraron labarin da aka riga aka ba ta sau arba'in. Abin da ta sani game da Indiya kuwa, abin da kowace 'yar Hausa ta kwaso daga fim ne. A yi kuka, a yi rawa cikin ruwan sama, 'yan sanda su iso bayan an gama komai.

Sai aka tura ta East Ham, gidan wani tsoho mai shekara tamanin da bakwai, Mista Menon, mutumin Kerala ta kudancin Indiya. Malamin tarihi ne da ya yi ritaya. Matarsa ta rasu a ɗakin sama na gidan, shi kuma ya sha faɗa cewa daga wannan ɗakin za a fitar da shi. Ƙwaƙwalwarsa ta fara zubewa. Sunan jikokinsa ya tafi, hanyar banɗaki ma wani lokacin sai an nuna masa. Amma sarakunan Indiya ko ɗaya bai ɓace ba, suna nan jere a kansa da shekarunsu. Ita tana ce masa Baba, shi yana ce mata Sakina.

Baba ba mai son abinci ba ne, Sakinatu kuma ba mai son gardama da tsoho ba ce. Sai ta kafa doka: cokali ɗaya, sarki ɗaya. Ya buɗe baki ya ba da labari, ta cusa shinkafa.

A haka ta ji labarin Akbar, wanda Baba ya ce bai iya karatu ba amma ya tara dubban littattafai, ana karanta masa yana gyara wa malamai. Ta ji na Rajaraja, wanda ya gina ɗakin ibada mai tsawon da sai hula ta faɗi kafin ka ga ƙarshensa, aka ɗora ƙaton dutse a can ƙololuwa shekara dubu da suka wuce, ba injin ɗaga kaya. Wanda ya sa ta manta da cokali a iska shi ne Ashoka.

"Ya ci yaƙin, Sakina, ya ci!" in ji Baba. "Sannan ya duba abin da ya yi. Mutum dubu ɗari a kwance. Sai ya sa aka sassaƙa a jikin duwatsu cewa ya yi nadama."

"Sarki guda? Ya ce ya yi kuskure?"

"A rubuce. A kan dutse. Suna nan har yau."

"Ikon Allah," ta ce a hankali. "Ni ko kansilan unguwarmu ban taɓa jin ya faɗi haka da baki ba."

Amma sarkin Baba na zuciya shi ne Mahabali, sarkin mutanen Kerala a tatsuniyarsu. A zamaninsa, in ji su, ba ƙarya, ba sata, ba mai kwana da yunwa. Wata rana wani gajeren mutum ya zo ya roƙi fili taku uku kacal. Mai ba sarki shawara ya ce kada ya yarda, wannan ba mutum ba ne. Sarki ya ce ai ya riga ya yi alkawari. Sai gajeren nan ya yi ta girma, taku ɗaya ya rufe duniya, na biyu ya rufe sama, ya ce ina zan sa na uku? Sarki ya sunkuya ya ce, ga kaina. Aka danna shi ƙarƙashin ƙasa. Abu ɗaya ya roƙa: a bar shi ya riƙa dawowa sau ɗaya a shekara ya ga ko mutanensa suna lafiya. Shi ya sa duk shekara suke share gida, su yi zanen furanni a bakin ƙofa, su shimfiɗa abinci a kan ganyen ayaba, don in ya leƙo ya same su cikin wadata.

Ran da Sakinatu ta fara jin wannan, har bas ta wuce da ita tasharta. An ƙwace wa mutum duniya, amma abin da ya dame shi ko talakansa sun ci abinci!

A watan Fabrairu Baba ya rufe baki. Ba labari, ba abinci, sai ɗan ruwa. Kwana huɗu. 'Yarsa Radhika, mai aiki a kantin magani, haifaffiyar Landan, ta kawo miya kala-kala, ya kau da kai. Nas ta zo ranar Talata ta auna shi, ta ce in bai fara ci ba zuwa Juma'a, asibiti za a kai shi, daga nan kuma gidan tsofaffi. Kowa ya san in ya fita ba zai dawo ba. Abin da yake faɗa kawai, idonsa a kan ƙofa, shi ne, "Bai iso ba."

Radhika ta ɗauka ƙaninsa yake nufi, wanda ya rasu tuntuni. Sakinatu ce, tana tsaye a cikin tube, jirgin ƙasa na ƙarƙashin Landan, an matse ta kamar kifin gwangwani, ta gane. A gidan da ta tashi, in babban baƙo yana kan hanya, maigida ba ya sa hannu a kwano. Baba sarkinsa yake jira, kuma ba wanda ya ko ɗauki tsintsiya.

Ranar Laraba ta faɗa kantin ƙawarta Ummukulthum a Rye Lane, ta ce a ba ta ganyen ayaba manya.

"Alale za ki yi?"

Ta ba ta labari. Ummukulthum ta dafe ƙirji. "Hajiya Sakinatu! Makka sau biyu, yau kuma za ki yi wa gunki girki?"

"Wane gunki? Tsoho ne yake jiran baƙo. Ni shara zan yi. Wanda nake bauta wa ya san ni, na san shi."

"Ba ke kika ce bikin nasu sai ƙarshen damina ba? Yanzu fa Fabrairu."

"To shi sarkin kalanda gare shi a ƙarƙashin ƙasa? Miƙo ganye, kina ɓata mini lokaci."

Daga nan ta biya wajen mai gashi ta yi booking na kaji biyu, a cika yaji. Sarki ne fa zai zo.

Alhamis da safe ta share gidan tun daga ƙofa har kicin. Ta yayyage furannin da ta saya, rawaya da ja da fari, ta zauna a bakin ƙofa ta jera su da'ira cikin da'ira, da hannun da ya saba zana wa amare lalle. Ta shimfiɗa ganye a tebur, ta girke kajin a tsakiya suna ƙyalli. Radhika ta sauko da mahaifinta a hankali, yana dafe da ƙarfen tafiyarsa.

Ya ga furannin, ya tsaya cak. Sannan idonsa ya kai kan tebur.

"Mece ce wannan?" Muryar malami, wadda ba a ji ba kwana shida.

"Kaza ce, Baba. Biyu ma."

"Nama! A ranar sarki!"

"To da me za a tari sarki? Da kabewa?"

"Da kabewa!" ya daka tsawa. "Fitar da su! Kuma wa ya juya ganyen nan? Tsininsa hagu yake kallo!"

Sakinatu ta kwashe kajinta tana ƙunƙuni cewa ba mamaki da aka danna shi ƙasa, mutum yana mulki da ganye. Amma zuciyarta fal take, don malami ya dawo aji. Daga kan kujera ya shiga ba da umarni. A dafa shinkafa. A yi kabewa da kwakwa. A kawo wake, da nono, da ayaba, da wani kunun madara mai zaƙi. Radhika, da rabonta da wannan girki tun rasuwar uwarta, ta maƙale waya a kunne, wata gwaggonta tana karanto mata abin da za ta zuba. Kowane abu da wurinsa a kan ganyen, in an kauce da ɗan yatsa sai ya buga tebur.

Da rana ta take, ya ce a buɗe ƙofar waje.

Sanyi ya shigo. Baba ya miƙe, ya saki ƙarfen, ya tsaya da ƙafarsa, ya haɗa tafin hannu. Sakinatu ta rantse ba ta ga kowa ba, titin East Ham ne kawai da kwandunan shara. Amma idon tsohon ya bi wani abu daga ƙofa, a hankali, sama-sama, kamar mai kallon dogon mutum, har tsakiyar ɗaki. Ba ta san lokacin da ta zame takalmi ta durƙusa ba, tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta.

Baba ya yi magana da yarensu, a natse. Radhika ta matso tana fassara mata cikin raɗa.

"Ya ce muna lafiya. Ya ce 'yarsa tana kula da shi, da wata mata daga Afirka mai taurin kai. Ya ce ba mai jin yunwa a gidan nan."

Sai tsohon ya dubi ganyen, ya dubi hannuwansa da suka rame.

"Wannan sarkin ba a yi masa ƙarya," ya ce da Turanci.

Ya zauna, ya naɗe hannun riga, ya cuɗa shinkafa da yatsunsa, ya kai baki. Ya ƙara. Ya ce a zubo kunun.

Ranar Juma'a nas ta same shi yana cin ayaba, yana yi mata bayanin yaƙin Ashoka ba tare da ta tambaya ba. Ta duba shi, ta yi 'yan rubuce-rubuce, ta ce a ci gaba da duk abin da ake yi, ita ba ta son sani. Aka yi cancel na motar asibiti.

Wata goma sha huɗu ya ƙara a gidansa. A tsakanin nan sarki ya zo sau tara, sau biyu ma a mako guda, kuma duk zuwa sai an yi shara. A ɗakin sama ya cika, wata safiya ta Afrilu, Radhika tana riƙe da hannu ɗaya, Sakinatu ɗaya.

Yanzu tana Tottenham, wajen wani tsohon direban bas ɗan Jamaika wanda bai san komai ba sai wasan kurket. Ta ce wasan kwana biyar ake yi kuma a tashi ba wanda ya ci, amma tana koyo.